A rage bolum, amma kar garin ya yi tsit

Na daɗe ina son yin magana kan ƙarar da ke cikin garin nan namu na Jos, amma duk sanda na ɗauko zancen a majalisa sai ya karkace, wannan ya ce ai da coci nake, wancan ya ce a'a da masallaci nake ina dai kwana-kwana ne, kafin a jima kowa ya ɗaga murya, an ƙara wata hayaniyar a kan wadda na zo kuka da ita. To gara in rubuta kawai, wanda ya ga zai iya ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke min hukunci.

Da farko dai ni ba mai neman shiru ba ne. Ina son sautin garin nan, kuma ina ganin da yawanmu ba mu taɓa tsayawa mun saurare shi ba saboda a cikinsa aka haife mu. Ka tashi da asuba lokacin hunturu, sanyin nan namu da ke shiga har ƙashi, ka tsaya a tsakar gida kafin ka taɓa ruwan alwala. Kiran salla a Jos ba ya tashi lokaci ɗaya, wani ladan zai fara daga can wajen Bauchi Road, kafin ya kai rabi na Gangare ya karɓa, na Rikkos ya shigo a baya, muryoyin suna bin duwatsu suna dawowa, har ka kan gane wanda mura ta kama a cikinsu. Daga nan sai tsintsiya, sai ƙarar ƙofar shago da ake ja sama, sai mai shayi yana kaɗa ƙwai da cokali a kofin roba, faf faf faf, rediyonsa a rataye jikin tebur tana ba da labaran safe. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, kuma har yau akwai dattawan da ba sa kallon agogo da safe, jin muryar mai gabatarwa ya ishe su su san ƙarfe nawa. Ranar Lahadi kuma in iska ta juyo daga unguwannin da ke ƙetare za ka jiyo Zumuntar Mata na coci suna waƙa da Hausa tsantsa, ga tulu ana bugawa ga kacau-kacau, kuma duk wanda ya tashi a Jos, ko musulmi ne, in zai faɗi gaskiya ya san wannan amon, yana iya bin shi da kai ma ba tare da ya lura ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kowace sana'a ke da muryarta. Mai gyaran takalmi ba ya buɗe baki, ɗan akwatinsa yake ƙwanƙwasawa yana tafiya. Mai yankan farce almakashi yake kaɗawa, ƙas ƙas ƙas, tela mai yawo da keken ɗinki a kafaɗa shi ma almakashi ne amma nasa ya fi nauyi, kunnen da ya saba ba ya haɗa su. Mai ruwa kurarsa ce ke faɗin zuwansa, jarkoki suna gwaruwa, kuma daga jin yadda suke ƙara ka san ko a cike suke ko ya riga ya juye. 'Yan gwangwan da kiransu, 'yar Fulani mai nono da nata jan muryar, almajiri a bakin zaure, yarinya mai tallan gyaɗa da ke cinye rabin kalmar har ba ka gane me take cewa amma ka san gyaɗa ce. Mahaifiyata tana zaune can ƙuryar ɗaki, ba taga ba komai, za ta ce wa yaro "maza tsayar min da mai farcen nan, ba wancan ba, na bayan", kuma in aka fita shi ɗin ne. Matar da ba ta cika fita ba da kunne take sanin abin da ke wucewa a layi, kasuwa ce sukutum ke bi ta ƙofar gidanta.

Duk waɗannan sautukan halinsu ɗaya, suna zuwa su wuce. Maƙogwaron mutum yana gajiya, mai talla zai yi kira sau uku ya yi shiru ya haɗiyi yawu, in ya ga ana zaman makoki a ƙofar gida sai ya sauke murya har ya wuce, in ka ce masa akwai mara lafiya a ciki zai ce Allah ya ba shi lafiya ya ƙara gaba. Mutum ne, ana iya magana da shi.

Lasifika ba ta san wannan ba. Ku je kasuwar Terminus da ke tsakiyar gari ku tsaya wajen masu maganin ɓera. Bawan Allah yana zaune a kan benci ya harɗe ƙafa yana danna waya, ko kallon mutane ba ya yi, ga 'yar lasifikar hannu nan a ɗaure jikin baro tana ta ihu ita kaɗai, maganin ɓera maganin kyankyaso maganin kuɗin cizo, ta kai ƙarshe ta dawo farko, tun safe har batir ya mutu, kuma yana da wani batirin a aljihu. Shi da ya naɗi muryar ya daina jinta tuntuni. Mai shagon da ke kusa da shi ne zai koma gida da ita a ka, ya kwanta tana yi masa amsa kuwwa. Taku goma gaba mai takalman gwanjo ya sa tasa, na kusa da shi ya ga an danne shi sai ya ƙaro bolum, shi ma wancan ya ƙara, ƙarshe babu wanda ake ji a cikinsu, ciniki bai ƙaru ba, kowa dai ya sayi batir.

Masu maganin gargajiya na mota kuwa nasu ya wuce ƙara ya koma cin mutunci. Za a faka tsohuwar mota a bakin hanya, a ɗora hon biyu a kanta, a saki kaset ana zayyana al'aurar maza da ta mata dalla-dalla, kalmomin da ko a ɗakin aure ba kowa ke iya furta su ba. Kana cikin keke da 'yarka budurwa ko da surukarka, ga cunkoso an tsaya cak daidai wurin, ba gaba ba baya, kowa ya sunkuyar da kai yana duba wayar da ba a kira shi ba. Yara 'yan firamare suna wucewa suna haddacewa. Mu da muke cewa mu masu kunya ne, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, amma mun bar wannan yana tashi a tsakiyar kasuwa da rana tsaka shekara da shekaru.

Sai kiɗan da ba kai ka zaɓa ba amma dole ka ji. Ka shiga keke, direba ya cusa sifika a bayan kujera daidai ƙugunka, in ya saki waƙa har cikinka ke rawa, sai ka taɓa kafaɗarsa kafin ya san kana son sauka. Shagon aski da nasa, mai cajin waya da tura waƙoƙi da nasa, mai sai da kaset ɗin wa'azi yana gefe shi ma ya juyo tasa sifikar waje, waƙar soyayya da ayar azaba suna karo a iska. Akwai waƙoƙin da na haddace daga farko har ƙarshe ban san wa ya yi su ba, ban taɓa neman su ba, kawai sun shige ni ne a hanyar zuwa aiki. Wani lokacin kam abin yana da daɗi, ba zan ɓoye ba, ka fito ranka a ɓace sai wani tsohon kiɗa ya tashi daga shagon tela ya tuna maka da wani zamani. Amma yanzu an ƙaro sabon salo, wato mutum ya zauna a cikin mota ko a layin asibiti ya buɗe TikTok ba iyafis, bidiyo bayan bidiyo, dariyar nan ta inji tana maimaituwa, in ka kalle shi shi ma ya kalle ka, shi a ganinsa ai wayarsa ce da datarsa.

Kuma fa garin nan garin kiɗa ne, ba wanda zai koya mana. Nan Dan Maraya ya yi rayuwarsa har Allah ya karɓi abinsa a 2015, da kuntigi, tsirkiya ɗaya tak a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fata, amma duniya ta san shi. Nan su P-Square suka tashi, nan M.I da Ice Prince suka fito. Don haka in na ce a rage ba ƙin kiɗa nake ba. Abin da na lura shi ne yawancin kiɗan da ke tashi a titi yanzu ba don a saurara ake sa shi ba, don a kama wuri ne, a nuna nan nawa ne, duk inda ƙarata ta kai to ikona ya kai.

Dalilin da ya sa na ce ba shiru nake nema ba, duk ɗan Jos ya san shi. Mu shiru ba hutu ba ne a wurinmu. Wanda ya ga rikicin Juma'ar 7 ga Satumba 2001, ya ga na Nuwamban 2008, ya ga na Janairun 2010, ya zauna a gida cikin dokar hana fita ta awa 24 a Agustan 2021, ya san irin shirun da nake nufi, wanda ba keke ba mai talla ba kukan injin markaɗe, sai jiniya daga nesa da karnuka, kowa yana magana ƙasa-ƙasa a cikin ɗakinsa. Ranar da aka sassauta doka ka ji kwandasta ya buɗe murya yana Bukuru Bukuru, wallahi ji za ka yi kamar ka ba shi kyauta. Hayaniyar kasuwa ita ce shaidar cewa lafiya aka kwana.

Amma wannan tarihin ne kuma ya mai da kunnenmu kayan tsaro. Ɗan Jos da kunne yake fara sanin an samu matsala, kafin waya kafin rediyo. Ƙofofin shaguna da aka fara ja ƙasa a jere ba lokacin tashi ba, takun gudu da ya bambanta da na yara masu wasa, kekuna da suka juyo gaba ɗaya suna oda, mata suna ƙwala wa 'ya'yansu kira da cikakken suna. Tun bayan bama-baman 20 ga Mayu 2014 a Terminus, da suka ci mutum sama da 100, tayar mota in ta fashe a wurin sai ka ga mutane sun watse kafin su waiga, kuma har yau akwai waɗanda banga ta lokacin Kirsimeti ke hana su barci. To a gari irin wannan, mutumin da ya kafa sifika ya toshe wa layi guda kunne daga magariba har tsakar dare, ba barci kawai ya hana ba. In wani abu ya taso a bakin layi, ko ɓarawo ya haura, ko gobara ta kama, ko mace tana naƙuda tana kiran maƙwabta, wa zai ji?

Sautin garin ma ai yana canzawa muna gani, ba abu ne da aka saukar daga sama ba. Iyayenmu suna ba da labarin kukan jirgin ƙasa, layin dogon da ya iso daga Kafanchan a 1927 har unguwar ta samu sunan Terminus, aka kuma yi shekaru yaro yana girma a Jos bai taɓa jin sa ba. Babbar kasuwa ta ƙone a 2002, gunjin da ke cikin ginin nan ya watsu kan tituna. An hana acaɓa a 2012 zamanin gwamna Jang, keke ya maye gurbi da nasa kukan. Ko janareta, da ya zama kamar numfashin dare a kowace unguwa, tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ya ja baya, mutane suka koma sola ko suka haƙura da duhu, ba wata doka da ta yi wannan aikin, tsadar fetur ce. Ihun yara in an kawo wuta ne dai har yanzu yana nan daram.

Ga kuma maganar lafiya, wadda ba mu ɗauke ta a bakin komai ba saboda ƙara ba ta fitar da jini. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85 na tsawon awa 8, kuma lissafin ba irin na tumatir ba ne, duk ƙarin 3 kacal sai lokacin ya rabu biyu, 88 awa 4, 91 awa 2, in aka kai 100 minti 15 ne kawai kunne zai ɗauka lafiya. Ba sai ka sayi na'ura ba, in mutum yana tsaye kusa da kai iya tsawon hannu amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to wurin ya kai inda ake jin tsoro. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da ke karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa, babu allura babu rubutu. Shiiii ɗin nan da kake ji bayan ka dawo daga biki alama ce an taɓa su. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa wajen biliyan 1.1 ne ke cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan sauraro. Ƙarar dare kuma ko ba ta tashe ka ba jiki yana jin ta, barci ba ya nisa, kuma an daɗe da danganta ta da hawan jini.

Akwai mai injin niƙa a bayan layinmu, tun ina yaro ake aike na wurinsa. Yanzu in ka kai masa masara sai ka matsa daf da kunnensa, "Baba, gari ne ba tsaki ba!", ya gyaɗa kai yana murmushi, ya niƙa maka abin da ya ga dama. Mutane suna cewa tsufa ne. Sa'anninsa da suka yi kasuwancin hula suna nan suna jin faɗuwar allura. Shi dai a ce neman abinci ne ya ja masa, to jaririn da ake shiga da shi wurin suna fa? Kwana bakwai a duniya, an naɗe shi a tawul, uwar tana zaune a kujerar gaba, diije ya jera sifiku masu tsayin mutum a bayanta, yara ƙanana kuma sun je sun manna kai jikin sifikar suna rawa saboda daɗin yadda take girgiza su, manya suna ɗaukar su bidiyo.

To yanzu bari in taɓa inda ake gudu. Mafi yawan ƙarar da ke hana mutanen Jos barci daga wuraren ibada take fitowa, namu da nasu, kuma kowa ya sani. Doka kam akwai. An kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, a 2007, a 2009 aka fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara na ƙasa baki ɗaya. Legas ma ta gwada da ƙarfi, a 2016 ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda hayaniya. Amma duk wanda ya ce a kwafo wannan a kawo Jos bai san Jos ba. Ranar da jami'i ya cire hon ɗin masallaci ɗaya, kafin la'asar an ƙirga coci nawa aka bari, in ta coci aka fara haka za a ƙirga masallatai, a duba sunan jami'in da ƙabilarsa da wanda ya naɗa shi, maganar barcin jarirai ta bi ruwa, a wayi gari ana neman dokar hana fita. Shi ya sa gwamnatoci ke kauda kai, kuma a wannan kam ban cika ganin laifinsu ba.

Sai dai akwai abin da ba mu cika faɗa wa kanmu ba. Tun da rikice-rikice suka raba mana unguwanni, musulmi suka tattara gefe kirista suka tattara gefe, wa lasifikar masallacin Unguwar Rogo take hana barci? Musulmi ne. Tsohuwar da ke fama da hawan jini a gidan da ke jikin masallacin musulma ce, ɗalibin da ke da jarabawa gobe musulmi ne, direban da ya kwana a hanya daga Legas yana son ya runtsa musulmi ne. Haka cocin da ke kwanan addu'a da ganguna da jita har asuba a Tudun Wada ko Unguwar Rukuba, nas ɗin da ta dawo daga aikin dare take juyi a kan gado 'yar cocin ce ko ta cocin gaba. Muna ɗaga hon sama muna juya shi wajen ƙetare don waɗancan su san muna nan, amma wanda ke kwana a ƙarƙashinsa namu ne, kuma shi ne wanda ba zai iya buɗe baki ba, don in ya yi magana za a ce imaninsa ne da rauni, ko a ce aljanunsa ne ba sa son jin sunan Allah.

Na taɓa gwadawa sau ɗaya, cikin ladabi, bayan an idar da salla na samu mai kula da na'urar masallacin da nake zuwa. Na ce "Allah gafarta Malam, da za a ɗan sassauta ta waje in an gama kira, ta ciki ai ta ishe mu, akwai masu jinya a gidan nan na baya." Ya yi dariya ya kama hannuna, ya ce "Wallahi ɗana ni ma kaina ciwo yake, amma Alhajin da ya sayo mana ambulifayar ya ce yana so ya riƙa jiyo ta daga gidansa." Gidan Alhaji kuwa yana da nisan da sai ka hau keke. Ban ce komai ba, me zan ce.

Kuma abin mamaki addinan biyu duk sun riga mu magana. A Suratu Luƙman an ce ka sassauta muryarka, aka kuma faɗi wace murya ce mafi muni, kowa ya san dabbar. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya ce musu kowannensu da Ubangijinsa yake ganawa, kada sashe ya cutar da sashe, kada wani ya ɗaga murya a kan wani. Karatun Alƙur'ani ne fa, a cikin masallaci, ba lasifika. A ɓangaren maƙwabtanmu kuma, littafin Karin Magana sura 27 aya 14 cewa ya yi wanda ya sa wa maƙwabcinsa albarka da babbar murya da sassafe, za a lissafa masa ita a matsayin la'ana. Saudiyya da muke fuskanta sau biyar a rana, a watan Mayun 2021 ta ba da umarni cewa lasifikar waje ta tsaya kan kiran salla da iƙama, kuma kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. An yi ta surutu a can ma, amma ba wanda ya ce sun bar musulunci.

Na san abin da za a ce min, kuma wani ɓangaren gaskiya ne. Za a ce mata da ke cikin gida ta lasifikar nan suke jin tafsiri da azumi, su ma suna da haƙƙi. Haka ne, na ga iyayenmu mata suna jan tabarma kusa da katanga don su ji. Amma ku tambaye su me suke ji in masallatai uku suka saki nasu lokaci ɗaya, wannan yana Baƙara wancan yana Yusuf na uku yana amsa tambayoyin gado. Ga gidajen rediyo suna sa tafsiri, ga waya a hannun kowa. In ma lasifikar ce dole, masallatan layi ɗaya ba za su iya raba lokaci ba? Za a kuma ce talaka ba shi da wurin shaƙatawa, bikin nan da diije shi ne ɗan jin daɗinsa, mai talla kuma abinci yake nema. Wannan ma na yarda, shi ya sa ban ce a hana ba. Amma a lura da wanda ke biyan kuɗin. Mai hali ya tafi Rayfield ya ja katanga ya sa gilashi mai kauri, in zai yi biki ya kama holi. Shiru ya zama kayan sayarwa, mai kuɗi ya saya, talaka kuma aka bar shi da ɗaki ɗaya da rufin kwano da sifikar maƙwabci a jikin tagarsa. In ana maganar tausayin talaka to barcinsa ma a sa a lissafi.

Ni a ganina gyaran daga cikin gida zai zo, kowa ya kama nasa, kuma Jos ta fi kowane gari damar fara wannan. A nan aka kafa Izala a 1978, a nan hedikwatar cocin COCIN take, a nan ta cocin ECWA take, ga manyan zawiyoyin ɗariƙa. Takarda ɗaya daga waɗannan shugabannin zuwa ga rassansu, ba daga gwamnati ba, ta fi motar 'yan sanda goma aiki, kuma za ta wuce Filato ta kai wasu jihohin. Abin da za a rubuta ma ba shi da yawa. Kiran salla ya fita waje yadda ya saba, ƙararrawar coci ta buga, waɗannan ba wanda ke kuka da su, minti nawa ne. Abin da ya biyo baya, salla da wa'azi da kwanan addu'a, a mai da shi sifikar ciki, in jama'a sun cika har waje a sa ƙarama a ƙasa tana kallon sahu, ba hon a saman hasumiya yana kallon unguwar wasu ba. Biki kuma mai unguwa da dattawan layi su sa lokaci, ƙarfe goma diije ya naɗe wayarsa, kuma a faɗa wa mai biki tun ranar da ya zo neman izinin toshe layi, ba sai an fara rawa a zo ana rigima ba. Sharaɗin kawai shi ne kar liman ya ce sai fasto ya fara, fasto ya ce sai liman ya fara, don in aka shiga wannan to jikokinmu ma za su gaji zancen.

In kuma ana ganin wannan ya yi nauyi a fara da shi, to a fara da mai sauƙi, a ga ko za mu iya haɗuwa a kan abu ɗaya. Motocin maganin batsan nan. Ba limamin da zai tsaya musu, ba faston da zai tsaya musu, shugabannin kasuwa da na tasha sun isa su ce ko dai a kashe hon ɗin ko a canza kaset, ba sai an jira Abuja ba. Su kaɗai ne a garin nan ba su da mai kare su a fili, duk da dai in magariba ta yi duhu ya fara, layin da ake yi a bayan motar tasu ba ƙarami ba ne, kuma da hula da rawani da kwat duk akwai a ciki.